LAFIYAR IDON MANOMI: YAUSHE ZA A JE AWO, A INA ZA A SAYI TABARAU

GABATARWA

Manomi nagari ba ya bari damina ta faɗi bai duba kayan aikinsa ba. Yakan kai garma da fartanya maƙera a gyara musu baki, ya wanke famfon feshi ya canja masa roba, ya gwada irin da ya ajiye ya ga ko zai tsira. Amma akwai wani kayan aiki da ake mora tun daga sharar gona har zuwa awon hatsi a kasuwa, wanda ba kasafai ake kai shi a duba ba sai bayan ya lalace. Wannan kuwa shi ne ido.

An shirya wannan darasi ne dominka, manomi, da kuma malamin gona da ke aiki tare da kai, musamman mazauna Arawa da unguwannin da ke kewaye da ita a cikin garin Gombe, waɗanda da yawansu suke kwana a gari, su yi noma a ƙasar Kwami, ko Akko, ko Yamaltu/Deba. Kuna da wata dama da manomin ƙauye mai nisa ba shi da ita, domin kuɗin Keke Napep kawai ke tsakaninku da manyan asibitoci biyu masu sashen duba ido.

GIRMAN MATSALAR

Tsakanin shekarar 2005 zuwa 2007 an gudanar da binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, inda aka duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru makafi ne. Shiyyar Arewa maso Gabas, wadda Jihar Gombe take ciki, ita ce ta fi kowace shiyya, da kashi 6.1 cikin ɗari. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido kuma ya jawo kimanin kashi 17. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kashi 84 cikin ɗari na makantar da aka gani irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. Ga waɗanda ba su makance ba amma ganinsu ya ragu, babban dalilin da aka samu shi ne rashin tabarau da ya dace.

Alƙaluman sun kwana biyu, amma cututtukan da suka nuna su ne har yau ake gani a layin asibiti.

ABIN DA RAUNIN GANI KE JAWO WA A GONA

Ɗauki misalin feshi. Rubutun da ke jikin kwalbar maganin ƙwari ko na ciyawa ƙanana ne ƙwarai. A ce takarda ta nuna a zuba mililita 30 a famfo mai cin lita 15, kai kuma idonka ya karanta 80, domin 3 da 8 suna kama da juna ga wanda ba ya gani sosai. Ka zuba kusan ninki uku ke nan: ka yi asarar kuɗi, ka ƙona ganye, ka bar guba a jikin waken da iyalinka za su ci. Haka nan ranar da magani zai lalace, da adadin kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a girbe, duk a cikin wannan ƙaramin rubutu suke.

Tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Nijeriya a 2016, shawarar da ake ba ka ita ce ka riƙa zagaya gona kana duba ƙarƙashin ganye da cikin kunnen masara, ka gano ƙwai da ƙananan tsutsotsi kafin su girma su shige ciki. Wannan aikin ido ne tsantsa. Manomin da ba ya ganin abu na kusa ba zai farga ba sai ganye ya cika da huji, lokacin da magani ya rage tasiri. Sanya a kan wannan akwai zaɓen iri, da auren mangwaro, da karanta saƙon waya, da duba sikeli a Tudun Hatsi, da ƙirgar kuɗi. Ga mata kuma akwai tsintar shinkafa da wake, da ɓarzar gyaɗa, da zura zare a allura.

An taɓa auna wannan asara. A wani gwaji da aka yi a gonakin shayi na jihar Assam ta ƙasar Indiya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, an ba wasu masu tsinkar ganye 'yan shekara 40 zuwa sama tabarau na ganin kusa, aka bar wasu ba a ba su ba. Waɗanda aka ba sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da kusan kashi 22 cikin ɗari, masu shekara fiye da 50 kuwa da kusan kashi 32. Ba a ƙara musu taki ko sabon iri ba, tabarau kawai aka ba su.

RAUNIN GANIN KUSA BAYAN SHEKARA 40

A cikin ƙwayar ido akwai wani ɗan madubi mai laushi da yake tanƙwarawa idan za ka kalli abu na kusa. Yayin da shekaru suke tafiya sai ya riƙa taurara. Daga wajen shekara 40 za ka fara lura kana miƙa hannu nesa kafin ka karanta lambar waya, ko kana neman fitowa rana kafin ka ga rubutu, ko kanka ya yi ciwo bayan ɗan karatu. Wannan yana samun kowa, kamar yadda furfura take samun kowa. Babu abinci ko maganin ɗigawa na kemis da ke mayar da shi. Tabarau na karatu ne maganinsa, kuma yana aiki nan take.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa wai sa tabarau yana ƙara kashe ido, shi ya sa wanda ya fara sai ya riƙa canja lamba. Ba haka abin yake ba. Madubin cikin ido zai ci gaba da taurara har wajen shekara 60, ko ka sa tabarau ko ba ka sa ba. Lambar tana ƙaruwa ne saboda shekaru.

HAWAN JININ IDO: DALILIN DA YA SA AWO YA ZAMA DOLE

Da a ce raunin ganin kusa ne kaɗai matsala, da sai mu ce kowa ya shiga kasuwa ya zaɓi tabarau ya koma gida. Abin da ya hana mu faɗin haka shi ne, a daidai shekarun da mutum yake fara neman tabarau na karatu, a nan ne wata cuta mai tafiya a ɓoye take fara aikinta. Ita ce gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido.

Sunan yana ruɗar mutane. Ba ita ce hawan jini da ake aunawa a dantse ba, kuma mutum yana iya samunta alhali jininsa lafiya lau. A cikin ido akwai wani ruwa da kullum ake samarwa, kullum kuma yake fita ta wata 'yar kafa. Ka kwatanta shi da kwamin lambu wanda ruwa ke shiga amma magudanarsa ta toshe. Idan ruwan ya taru, ƙarfinsa yana danne jijiyar gani da ke bayan ido, ta riƙa mutuwa sannu a hankali. Abin da ya mutu na wannan jijiya ba ya dawowa, ko da magani, ko da tiyata, ko da tabarau.

Irin da ya fi yawa a tsakaninmu ba ya ciwo, ba ya sa ido ja. Yana fara cin gani ne daga gefe, ya bar tsakiya. Saboda haka mutum zai ci gaba da karatu da gane fuskoki shekara da shekaru, sai dai ya riƙa tuntuɓe da kututture, ko babur ya zo ta gefensa bai gan shi ba, ko ya sare shuka yana noma. Sau da yawa ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana rufa masa asiri, mai shi bai sani ba. Binciken ƙasa da muka ambata ya nuna cewa kimanin mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da wannan cuta, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 1 cikin 10 ba, kuma 1 cikin 5 na masu ita sun riga sun makance. Cutar ta fi kama baƙar fata, tana kama mu da wuri, kuma tana bin jini. Idan mahaifinka, ko mahaifiyarka, ko wanka, ko ƙanwarka sun makance ba tare da an ga farin abu a idonsu ba, to kai ma kana cikin haɗari.

Yanzu ka duba abin da kan faru. Manomi ɗan shekara 48 ya ga rubutu yana yi masa hazo, ya sayi tabarau a tire, rubutu ya fito sarai, hankalinsa ya kwanta cewa ya magance matsalar idonsa. Tabarau ya yi aikinsa, babu laifi. Amma babu wanda ya leƙa jijiyarsa, babu wanda ya auna ƙarfin ruwan idonsa. Bayan shekara bakwai ko takwas sai a jawo shi asibiti, likita ya ce an makara. Da an gano da wuri, maganin ɗigawa na kullum, ko aikin haske, ko ƙaramar tiyata, suna iya tsare masa ganin da ya rage har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ne ya sa muke cewa awo ne farko, sayen tabarau ya biyo baya.

SAU NAWA ZA A JE AWO?

Ƙungiyoyin likitocin ido sun ɗan bambanta a kan tazarar, amma duk sun yarda cewa baƙar fata yana bukatar awo akai-akai fiye da sauran mutane. Ga tsarin da ya dace da manomi, mai sauƙin riƙewa:

Ƙasa da shekara 40, idan babu wata damuwa: sau ɗaya a cikin shekara uku zuwa biyar.

Da cika shekara 40: a je a yi cikakken awo ko da ana ganin allura a cikin yashi. Daga nan kuma kowace shekara biyu.

Daga shekara 60: kowace shekara.

Mai ciwon suga, da wanda ake da hawan jinin ido a danginsu: kowace shekara, ba tare da jiran shekaru su kai ba. Mai ciwon suga ya je tun ranar da aka tabbatar masa da ciwon, domin suga yana lalata ƙananan hanyoyin jini na bayan ido tun kafin gani ya ragu. Mai amosanin jini, wato sikila, shi ma ya riƙa zuwa duk shekara tun daga wajen shekara 10.

Yara kuma a duba su kafin a sa su makaranta. Yaron da yake matse ido yana kallon allo, ko yake kai littafi dab da hanci, sau da yawa ana yi masa kallon daƙiƙi alhali tabarau yake bukata. Jaririn da aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, ko idonsa ya karkace, a kai shi asibiti a cikin makon, kada a ce zai gyaru idan ya girma.

Wanda likita ya riga ya sa masa ranar dawowa, wannan ranar ita ce tasa, ba wadda ke cikin wannan takarda ba.

Domin kada a manta, ka ɗaura awon ido a jikin kalandar noma. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da amfani ya shigo gida, akwai ɗan kuɗi a hannu, aiki kuma ya yi sauƙi. Idan aka ce sai an yi tiyata, akwai isasshen lokacin jinya kafin sharar gona. Mai noman rani a Dadin Kowa sai ya duba tsakanin girbinsa da faɗuwar damina.

Akwai alamun da ba a jira musu kaka: gani ya ɗauke ko ya ragu farat ɗaya, ciwon ido mai tsanani tare da ciwon kai da amai, ganin walƙiya ko baƙaƙen ɗigo masu yawa da suka bayyana kwatsam, ganin kamar an saki labule ta gefe ɗaya, rauni ko magani ya shiga ido. Waɗannan na ranar ne.

INDA ZA A JE DA ABIN DA ZA A TARAR

A cikin garin Gombe akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, da kuma Asibitin Ƙwararru na Jiha. Akwai kuma asibitocin ido masu zaman kansu. Idan matsala ta fi ƙarfin nan, akan tura mutum Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wasu kuma sukan nufi Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda yake aiki tun 1943. A bar likita ya yi turawar da takarda, ya fi a kama hanya da ka. Wanda yake da rajista da hukumar GoHealth ta jiha ko inshorar lafiya ta ƙasa, ya tambaya abin da rajistarsa ta ɗauke masa kafin ya biya.

Ma'aikatan ido hawa-hawa ne. Akwai likitan ido, mai ba da magani da yin tiyata. Akwai masanin awon ido, mai auna gani, ya rubuta lambar tabarau, ya gano cuta ya tura gaba. Akwai ma'aikacin jinya na ido. Sannan akwai mai haɗa tabarau, wanda aikinsa yanka gilashi ne da ɗora shi a kan firam bisa lambar da aka rubuta.

Cikakken awo ya ƙunshi abubuwa uku aƙalla. Za a sa ka karanta allo daga nesa, ido ɗaya bayan ɗaya. Rashin karatun boko ba ya hana wannan, domin akwai allo mai alama kamar cokali mai yatsu uku, nuna inda yatsun suka fuskanta kawai za ka yi. Za a auna ƙarfin ruwan ido, wanda a yawancin masu lafiya yake tsakanin 10 da 21. Sannan za a haska fitila a leƙa jijiyar gani. Idan allo kaɗai aka sa ka karanta aka miƙo maka tabarau, to gwajin gani aka yi maka, ba a duba lafiyar idon ba. Ka buɗe baki ka tambaya: “An auna mini ƙarfin ruwan ido? Nawa ne? Yaya jijiyar take?” Haƙƙinka ne.

Wani lokaci akan ɗiga magani don buɗe ƙwayar ido a ga ciki sosai. Yana sa hazo da ƙyamar haske na wasu sa'o'i. Saboda haka ranar awo kada ka tafi a kan babur ɗinka, kuma ka tafi da tsohon tabarau da duk magungunan da kake sha ko ɗigawa.

SAYEN TABARAU

Tabarau iri biyu ne, kuma hukuncinsu ya bambanta.

Na farko shi ne na karatu wanda aka riga aka haɗa, irin da ake samu a kemis, da shaguna, da wajen masu talla a babbar kasuwa. Gilasansa biyu lambarsu ɗaya, an rubuta ta a jiki da alamar tarawa: +1.00, +1.50, +2.00, +2.50, +3.00. Idan an duba ka a asibiti an ce idonka lafiya, ganin nesanka daidai ne, idanun biyu kuma ƙarfinsu ɗaya, babu laifi ka sayi wannan. Sau da yawa kuɗinsa bai kai na litar maganin ciyawa ba. A bisa kintace, ɗan shekara 40 zuwa 45 yakan bukaci +1.00, ɗan 50 wajen +1.50 zuwa +2.00, ɗan 60 kuma +2.50 ko sama da haka kaɗan.

Idan za ka zaɓa, tafi da abin da kake son gani, misali kwalin magani ko wayarka. Riƙe shi a nisan kamu ɗaya, wato kimanin santimita 40 daga ido. Fara da ƙaramar lamba kana hawa, ka tsaya a kan lamba mafi ƙanƙanta da ta fito maka da rubutu sarai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar mai ƙarfi saboda yana ƙara wa rubutu girma. Ƙarshenta sai ka kai abu dab da fuska kafin ka gani, ga ciwon kai. Rufe ido ɗaya ka gwada, ka rufe ɗayan. Idan ɗaya yana gani ɗaya ba ya gani, ajiye tabarau ɗin ka nufi asibiti. Ɗaga gilashin ka kalli bakin ƙofa ta cikinsa kana motsa shi. Idan layin yana lanƙwashewa kamar ruwa, gilashin ba shi da kyau. A tuna, wannan tabarau na kusa ne kawai. Ba a tuƙi da shi, ba a tafiya da shi.

Na biyu shi ne wanda ake yanka wa mutum shi kaɗai bisa takardar awo: na mai raunin ganin nesa, na wanda idanunsa biyu suka bambanta, na yara, da mai hawa biyu wanda samansa na nesa ne ƙasansa na kusa. Wannan ba a sayensa a tire, ba a aron na wani, ba a gadonsa. Wurinsa shi ne sashen tabarau na asibiti, ko shagon da ke da rajista da hukumar tarayya mai yi wa masana awon ido da masu haɗa tabarau rajista, wadda aka kafa da dokar 1989. Ka nemi ganin takardar rajistar. Mai ita ba ya jin haushin nuna ta. Karɓi takardar lambarka ka adana, domin da ita kana iya zagayawa ka kwatanta farashi. Yawancin tsadar tabarau a firam take da ƙarin ado irin su gilashi mai canja launi a rana. Firam mai araha da ya zauna daidai a hanci yana aikin da mai tsada yake yi. Ga mai aikin gona gilashin roba ya fi na kwalba, don ba ya tarwatsewa. Sabon tabarau yana iya ba ka ɗan jiri na kwana biyu ko uku. Idan ya wuce mako biyu, koma a sake duba lambar.

Masu sayarwa ta waya da intanet sun yawaita. Wanda bai auna tazarar da ke tsakanin idanunka ba, kuma ba ka san inda za ka same shi idan an yi kuskure ba, ka yi hattara da shi. Haka nan masu yawo da na'ura suna cewa kwamfuta ta gano cuta, su sayar da tabarau da ƙwayoyi a wuri ɗaya.

Lokaci-lokaci gwamnati da ƙungiyoyi sukan shirya duba ido da rabon tabarau kyauta, musamman a kusa da Ranar Gani ta Duniya, wadda ake yi ranar Alhamis ta biyu ta watan Oktoba. A amfana da su. Sai dai idan a wurin aka ba ka takardar zuwa asibiti, takardar ta fi tabarau ɗin daraja.

YANAR IDO

Idan madubin cikin ido ya yi fari, gani yakan zama kamar ana cikin hazon hunturu. Tabarau yana ɗan taimakawa da farko, daga baya ya daina. Maganinta tiyata ce ta ƙasa da awa ɗaya, ba a sa mutum barci, a cire madubin da ya lalace a sa na roba. Ba sai an jira mutum ya daina gani gaba ɗaya ba. Da zarar ta hana ka aiki, lokaci ya yi. Bayan aiki akan bukaci makonni huɗu zuwa shida ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba shiga ƙura.

A guji masu yawo ƙauyuka suna soka tsinke su tura yanar cikin ido. Binciken ƙasa ya samu cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanu a makance aka same su. Mutum yakan ga haske a ranar, ya biya da akuya ko buhun dawa, ciwo ya biyo baya bayan mai tsinken ya bar gari.

RAUNI A GONA DA MAGANIN DA KE ƘARA ƁARNA

Lokacin girbi, da sussuka, da shiƙa, ƙaiƙayi ko ganyen dawa yakan karci baƙin ido. Irin wannan ƙaramin rauni yana da haɗari fiye da yadda ake zato, domin tsiro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gyambo, gyambon kuma ya bar hakiya. Kada a murza. A wanke da ruwa mai tsabta. Idan washegari akwai sauran ciwo, ko hawaye, ko an ga ɗigon fari, a tafi asibiti a ranar. Idan abu ya soki ido ya shige, kada a cire, kada a ɗiga komai; a kife ƙaramin kofi mai tsabta a kai a ɗaure, a tafi.

Idan maganin feshi ya fantsama a ido, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15 aƙalla, sannan a tafi asibiti da kwalbar maganin. Saboda haka kada ka fita feshi ba tare da jarkar ruwa mai kyau ta daban ba. Tabarau na karatu ko na rana ba ya tare feshi. Akwai na kariya mai rufe gefe da gefe, a nemi shi a wajen masu sayar da kayan feshi, a sa shi tun daga lokacin haɗa magani, don a nan ne maganin yake da ƙarfinsa duka. Shi ne kuma za a sa a gaban injin sussuka.

Kada a ɗiga ruwan suga, ko nono, ko fitsari, ko ruwan ganye, ko ruwan batir a ido, ko da apolo ce. Akwai kuma maganin ɗigawa na kemis mai sinadarin deksametazon da danginsa, wanda mutane suke so saboda yana kashe ƙaiƙayi da ja nan da nan. Yawan amfani da shi yana ta da ƙarfin ruwan ido, yana kawo yana, a kan gyambo kuwa yana iya huda ido. An fi yi wa yara masu ƙaiƙayin ido wannan ɓarna. Ba a amfani da shi sai da takardar likita.

Game da abinci, dundumi a yara alama ce ta ƙarancin bitamin A. Zogale, alayyafo, karas, mangwaro, gwanda, manja, dankali mai jan ciki da masara mai ruwan lemo irin su SAMMAZ 38 da SAMMAZ 39 duk suna samar da shi, tare da rigakafin ƙyanda a kan lokaci.

AIKIN MALAMIN GONA

Kai ba likita ba ne, kada ka rubuta wa kowa magani ko lamba. Amma kana haɗuwa da manoma fiye da yadda ma'aikacin lafiya yake haɗuwa da su, kuma kana iya tace waɗanda suke bukatar zuwa asibiti cikin minti goma a ƙarshen taron ƙungiya.

Auna mita 6 a fili mai haske. Manomi ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, kai kuma ka ɗaga yatsu ya ƙirga, sannan a canja ido. Wanda ya kasa ƙirga yatsu a mita 6 ganinsa ya yi rauni ƙwarai, wanda ya kasa a mita 3 kuwa wannan idon yana cikin ma'aunin makanta. A nan ne mutane da yawa suke fara gane cewa da ido ɗaya suke rayuwa. Idan kana da babbar waya, manhajar WHOeyes da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 tana gwada ganin nesa da na kusa kyauta. Sai ka huda kwali da allura, wanda ya kasa ya leƙa ta hujin. Idan gani ya ƙaru, alama ce tabarau zai taimaka. Idan bai ƙaru ba, akwai yiwuwar cuta ce, a gaggauta tura shi. Daga nan miƙa wa kowa kwalin maganin ƙwari ya karanta, ko ya nuna maka lambobin da ke jiki.

Ka bayyana musu sarai cewa wanda ya ci wannan gwaji bai tsira daga hawan jinin ido ba, domin cutar tana barin ganin tsakiya sai a ƙarshe. Tambayi shekarun kowa, da ko akwai makaho a danginsu, da ko yana da ciwon suga. Rubuta sunayen waɗanda lokacin awonsu ya yi a littafin ƙungiya, kusa da lissafin taki da iri. Ƙungiya tana iya tuntuɓar sashen ido ta nemi rana, mambobi su tafi tare, a sanya matan gida a cikin jerin, don su ne aka fi bari a baya. A taro na gaba ka buɗe littafin, ka tambayi wanda ya je, da abin da aka gaya masa, da ranar da aka ce ya koma.